Uwar Waya Tana Gida, 'Yar Tana Gyallesu

Ƙofar Gayan, Birnin Zariya
Damina, 1997

Zuwa ga hasken ɗakina, sanyin randata a tsakiyar bazara, inuwar tsamiyar da nake hutawa a ƙarƙashinta tun gemuna yana baƙi. Ruwan farko mai tayar da ƙamshin ƙasa, zumar da ba a gauraya ba, uwargidana kuma amaryata a jiki ɗaya, Batulu. I, na rubuta sunan! Tunda teloli sun riga sun ji shi daga bakina, takarda ma ta ji.

Bayan sallama da gaisuwa irin ta mutumin da aka bar wa gida fayau, ina fatan kina lafiya, da 'yarmu, da jaririn, da maigidanta Ɗahiru. Ni ma lafiya lau, in dai ana kiran tukunyar da ke tafasa lafiyayya.

Kin san ba ni na nemi wayar nan ba. Yaron nan naki na Legas ne ya kawo ta lokacin da za ki tafi Gyallesu zaman jego. Ya girke uwar wayar a ɗakina, ya ɗaura mata dogon ƙarfe a kan soro, ya ba ki 'yar wayar kika sa a jaka, wai ba ta da igiya, iska ce ke ɗaukar magana. Gaskiya ya faɗa. Abin da ya manta bai faɗa ba shi ne iska ba ta da amana.

Na riƙa kiranki bayan la'asar, kuma abin da na kasa faɗa miki ido da ido shekara da shekaru, da na ga ba kya kallona, sai bakina ya kwance. Ashe rediyon Nasidi tela, in aka murɗa ta can ƙarshe inda tashoshi suka ƙare, mu take kamawa! Ashe kekunan ɗinki tsayawa suke yi, Bala mai shayi ya bar tukunyarsa ta ƙone, tsofaffi masu jikoki su yi da'ira, baki buɗe. Ban sani ba sai ranar da zan wuce masallaci, Bala ya ɗaga murya a gaban jama'a, wai Malam Ja'afaru, yaya kurciyar Gyallesu, ta dai sha furarta? Ni! Ni da na tsufa ina rubuta hukunci a gaban alƙali, mai shayi yake tambayata lafiyar kurciya!

Ke kuma matan unguwa suka kai miki naki har gida, suna gaishe ki suna toshe baki da mayafi. Sai kika aiko mini cewa ƙafarki ba za ta ƙara taka Ƙofar Gayan ba. Jego ya ƙare tuni, jariri har ya fara zama, ke kuwa kina can.

Haba, tauraruwar asubata! Wa ya yi abin kunya a nan? Matar wani na kira? Tawa na kira, wadda aka ɗaura da shaidu aka raba goro. Su suka sa kunne a ɗakin da ba nasu ba, su ne ɓarayi, amma ga su nan suna cin tuwon matansu da zafinsa, ni da aka yi wa sata ni aka yanke wa hukunci. A wace kotu aka taɓa yin haka?

To, ban zauna ba. A ƙarƙashin uwar wayar akwai wani ɗan maɓalli kamar ƙwayar gero, makullin murya. Na sa tsinken tsintsiya na tura shi. Na kunna tawa rediyon a gefe, na murɗa ta ƙarshe, na yi sallama cikin wayar. Abin da ya fito daga rediyon kukan kwaɗi ne a fadama. Na ce madalla, Nasidi, ga abincin kunnenka. Sannan na kira ki. Shiru. Jar fitilar da ke jikin uwar ta yi ta ƙifta mini ido kamar mara gaskiya, ta ƙi komawa koriya.

Na mayar da maɓallin inda yake, nan take ta shiga. Kika ɗauka. Na ji numfashinki, ya furen da ke buɗewa ba mai gani, na ji shi sarai kamar kina bayan labule. Amma mu duka mun san akwai kunnuwa a tsakani. Kika ajiye. Kin ga halin da nake ciki: in na buɗe, gari ya ji, in na kulle, ke ba ki ji ba. Wane irin makulli ne wannan, da zai kulle ɓarawo waje, ya haɗa da matar gida?

Ba abin da ban yi mata ba. Na zare ta daga wuta na mayar. Na sake mata batir. Na goge haƙoran ƙarfen nan da ke gurbin 'yar har suka yi ƙyalli. Na hau tsani da gwiwoyin nan da kika sani, na juya ƙarfen soro gabas, na juya shi kudu, na saita shi daidai itacen mangwaron gidan Ɗahiru gwargwadon yadda zuciyata ta kwatanta mini, hadari yana haɗowa a kaina, 'yan rumfar Nasidi suna yi mini sannu da aiki. Na naɗe ta a zane na kai ta Sabon Gari. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya hura, ya rufe, ya ce lafiyarta ƙalau, in cire makullin kawai in huta. Kin ji likita! Ka ce masa ƙofarka ta ƙi buɗuwa, ya ce ka cire ƙyauren.

Kin tuna zamanmu na farko a babban gida, lokacin da iyayena suna raye, kowane bango da kunnensa? Ba mu da ƙarfe a soro, ba mu da batir. Taɓarya gare ki. In kina daka, sai ki ɗan karya luguden, ki bugi bakin turmi sau biyu, ki ci gaba kamar ba ke ba. Ni ina zaure cikin manya, littafi a cinya, sai in ji ƙirjina ya amsa. Ma'anarsa, na tuna da kai. Ni kuma in yi gyaran murya, mahaifina ya ce a kawo wa yaron nan citta, mura za ta kama shi. Cittar da na tauna saboda ke, Allah kaɗai Ya san yawanta! Gida cike da mutane, ba wanda ya taɓa ganewa. Wancan makullin mu biyu muka ƙera shi, shi ya sa bai taɓa kulle ɗayanmu waje ba.

Daga ƙarshe na haɗiye girmana na kira yaron nan naki. Na ce masa wayar tana 'yar gardama, ban faɗi dalili ba. Ya ce, Baba, ai makullin ba a gefe ɗaya ake sa shi ba. Sai an kawo 'yar an kwantar da ita a gurbinta a jikin uwar, a bar su har fitila ta zama koriya, sannan su riƙe lamba ɗaya. Ya ce a gaida Gyallesu, da wata 'yar dariya a maƙogwaro. Wato labarin har Legas ya kai. Allah Ya isa tsakanina da rediyon Nasidi!

To kin ji maganin, sanyin idona, kuma yana cikin jakarki. Kada ki ba Ɗahiru ya kawo mini. In ya kawo, zan karɓi gaisuwarsa in mayar da shi da ita. Ke za ki kawo ta. Ki zo ranar Juma'a da hantsi, lokacin da rumfar take cike. Zan tare ki a bakin ƙofar gari da babbar rigata, in wuce gaba, ki biyo baya, in tsaya in gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunan ubansa, mu ga wanda zai iya ɗaga kai.

In kuwa Juma'a ta wuce ban gan ki ba, to ki shaida: zan cire makullin da hannuna. Kullum bayan la'asar zan zauna in ɗauki wayar, ko kin amsa ko ba ki amsa ba. Abin da suka ji a baya somin-taɓi ne. Akwai maganar shekaru a cikina da ban taɓa fitarwa ba, kuma na yi ritaya, ba inda za ni. Zan fara daga ranar da na fara ganinki, ba zan tsallake komai ba. Ki zaɓa: ki ji ta ke kaɗai a ɗakinki, ko ki ji ta tare da mutanen Zariya.

Naki tun ƙuruciya, naki a furfura, naki har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa, kuma ina roƙon Allah Ya sa can ma ke ce,

Ja'afaru