Kiret ɗin Ƙwai a Kujerar Gefe

Litinin, 7 ga Yuli
Ruwa tun safe. Maigida ya sake fita da jar motar nan tasa mai kujera biyu, wadda ya saya da ya yi ritaya. Mota kamar faranti, cikinta na shafar ƙasa, ga gudun tsiya. Mutum da furfura har gemu! Na rantse ba zan shige ta ba. Duk fitar da ya yi cikin ruwa ina bakin taga ina jiran dawowarsa. Na gaji wallahi.

Alhamis, 10 ga Yuli
Makanikensa ya ce tayoyin baya sun suɗe, in ruwa ya kwanta a titi motar iyo za ta yi. Na isar da saƙo. Wai, "Hajiya, tun kafin a haifi yaron nan nake tuƙi." To, Allah ya kyauta.

Lahadi, 13 ga Yuli
Auta ta haihu, kullum sai ya je ganin jika, kuma hanyar duk kwana ce. Yau na ɗora kiret ɗin ƙwai a kujerar gefe, na ce na mai jego ne. Auta ta bugo waya tana dariya: ko ɗaya bai fashe ba, wai Baba ya iso kamar mai rakiyar amarya. Ashe ya iya tafiya a hankali. Ransa ne kawai bai kai ƙwai daraja ba.

Laraba, 16 ga Yuli
Kiret na uku. Auta ta ce don Allah ya isa haka, firjinta ya cika.

Juma'a, 18 ga Yuli
Ban ba shi ƙwai ba. A shataletale ya taka birki da ƙarfi cikin ruwa, motar ta juya da shi sau biyu, ta daki dakalin titi. Ya shigo jiƙe sharkaf. Na shirya faɗa, sai kawai na juya. Na shiga kicin na yi kuka. Tsoro nake ji, shi ke nan.

Asabar, 19 ga Yuli
Ya sa sababbin tayoyi. Bai faɗa ba, ban tambaya ba.

Asabar, 26 ga Yuli
Hadari ya haɗu, ya ɗauki makulli. Na yafa mayafi na bi shi, na cusa kaina a kujerar gefe, gwiwoyina har ƙirji. Ya dube ni, "Yau ba ƙwai?" Na ce, "Malam, ja mu tafi."

Ya kunna fitila, ya bar tazara tsakaninsa da na gaba. Da muka zo inda ruwa ya taru ya ɗaga ƙafa daga totur, bai taɓa birki ba. Har mai keke ya wuce mu.

Motar ba daɗi, bayana na ciwo. Na dai ce ya matsar min da kujerata baya kaɗan, kuma ya bar ta haka.