Babban Yatsan Baba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau, sai yanar idon Baba da ta ƙara rufewa. Shekaranjiya firij ya gaisar, ya ɗauka ni ce.

Yaya, samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Likita ya ce a nan kusa asibitin tsofaffin sojoji ne kaɗai ke iya yi wa idon nan aiki, kuma ba sa karɓar wanda bai yi soja ba. Baba na jin haka ya buga ƙirji, wai ai gidansu ne. Ni kuwa kunya ta rufe ni. Ka san sojan Baba: ba takarda, ba hoto, ba ko maɓallin kaki. Kai ne ma ka raɗa masa Sojan Baka, muna ta dariya a bayan ƙofa.

Ya matsa, na kai shi ofishin ajiye takardun sojoji. Ɗaki ne dogo, kantoci har rufi, fanka ɗaya tana kuka. Jami'in wurin, wani mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, ya duba sunan Baba sama da ƙasa, babu. Na kama hannun Baba mu gudu da sauran mutuncinmu. Sai kawai ya miƙe ya zubo wata lamba mai tsawo ba ko numfashi. Mai Tabarau ya shiga ciki, ya fito da fayil! Amma sunan Baffa ne a kai, yayan Baba da ya rasu tun ba a haife mu ba.

A nan Baba ya faɗi abin da bai taɓa faɗa mana ba. Wai shekararsa sha shida lokacin, aka ce ya yi ƙanƙanta, sai ya ɗauke takardar haihuwar Baffa ya shiga da ita, ya yi shekara biyar yana amsa sunan yayansa. Mai Tabarau ko gezau. Ya ce ya sha ganin masu haddace lambar mamaci. Hoton katin da ke cikin fayil ɗin kuwa danshi ya cinye shi, amma akwai dangwalen babban yatsan dama na wanda ya shiga aikin. Ya kawo tawada, Baba ya dangwala. Yaya, baƙin tabo kawai ya fito, sumul! Shekara arba'in na aikin gini da siminti sun shafe masa zanen yatsa.

Mai Tabarau ya ce zanen kan dawo idan fata ta huta: sati uku ba taɓa siminti, a riƙa shafa mai safe da yamma. Ƙarshen wata za a rufe ɗaukar sunayen masu aikin ido, saura kwana ashirin da huɗu. Ka taya mu da addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Na ga amsarka. Wai kada in wahalar da kaina. To, na riga na wahala, sai ka ji.

Hana Baba gini ya fi hana yaro wasa wuya. Ka san tun da idon ya yi rauni da hannu yake gani, yana shafa bango ya gaya maka inda ya karkace. Na ɓoye cokalin gininsa a cikin buhun tsofaffin kaya, na sa wa hannun safa na ɗaure. Mama ta ce ya koma kamar ɗan dambe. Shi kuwa sai mita, wai ko a bariki ba a taɓa tsare shi haka ba.

Rana ta tara na dawo daga aiki na tarar da shi tsugune a ƙofar maƙwabciyarmu mai ɗinki, safa a aljihu, yana gyara mata matakala da hannu tsirara. Raina ya ɓaci, bakina ya kufce. Na ce masa ko da gangan yake yi don kada zanen ya dawo asirinsa ya tonu. A gaban mutane na faɗa, Yaya. Ya wanke hannun, ya miƙo mini in ɗaure. Tun ranar bai sake leƙa waje ba, kuma bai sake ba da labarin soja ba. Gara da zagina ya yi.

Amma ga albishir! Yau da safe na goga masa jan-bakina a yatsan, na danna a farar takarda. Layuka sun fara fitowa, sirara, suna zagaye! Na yi ihu har Mama ta ƙone da shayi. Ban san ko su ne na katin ba, kuma wallahi tsoro nake ji. Saura kwana takwas.

Taka,
Auta

Yayana na kaina,

Gaisuwa a gurguje, ka gaida mutanen gida!

Mun koma jiya. Mai Tabarau ya goge yatsan Baba da auduga, ya mirgina shi a tawada a hankali, ya mirgina a takarda. Ya ajiye ta gefen tsohon katin, ya sauko da tabarau na goshi a kan na ido, ya ƙara da madubin ƙara girma. Ya yi ta ƙirga layuka da bakin allura. Ya kira wata jami'a, ita ma ta duba ta sake dubawa. Baba kuwa yana zaune ƙyam, hannu a gwiwa.

Shi ne, Yaya! Shi ne! Har ɗan tabon wuƙa da ya ratsa gefen yatsan yana nan a katin. Mai Tabarau ya ce ba Baba ne yaro na farko da ya yi wannan dabarar ba, akwai takardar gyaran suna, ya cike ta nan take ya buga hatimi. An sa aikin ido ranar sha biyu ga wata mai kamawa.

Da ya gama, sai ya ture kujera ya miƙe, ya haɗa ƙafa ya sara wa Baba. Ya tsaya a haka, hannu a goshi, yana jiran amsa. Baba bai gani ba. Yana ta kallon wajen fanka. Sai da na sunkuya na raɗa masa cewa ana sara masa. Ya dafa tebur ya tashi, ya ɗaga hannun nan mai tawada, har ya shafa baƙi a goshinsa. Na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, ban ji kunyar kowa ba.

A hanya na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tun ranar, sannan ya tambaye ni ko zan rubuta maka. Sau uku yana tambaya kafin mu iso gida.

Kada ka aiko da saƙo, kada ka ce aiki ya yi yawa. Ranar sha uku za a cire masa bandeji. Ka zo ka tsaya a gabansa, ka faɗa masa da bakinka cewa ka yarda.

Ƙanwarka mai jiran isowarka,
Auta