Koren Ruwan Baba

Nassarawa GRA, Kano.

Zuwa ga Yaya Abdulbaqi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Yaya Fatakwal da ruwan sama? Mu nan lafiya lau, ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, an kuma kai Nabiha ɗakinta lami lafiya.

Na ga saƙonka a waya kana yabon hotunan biki, har ka ce tafkin kifin Baba bai taɓa yin kyau haka ba, ruwa garau kamar na randa. Kasa ba ka amsa na yi, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka san dai koren ruwan nan ba ƙazanta ba ne. Shekara takwas ke nan da rasuwar Baba, ni nake jiƙa buhun kashin kaji a gefen tafkin yadda ya koya mana, har ruwan ya yi kore, 'yan mitsi-mitsin halittun nan su yaɗu a ciki. Su ne abincin 'ya'yan karfasa, don bakinsu bai isa cin komai ba sai su. Karfasan kuwa jikokin waɗanda ya kawo daga Haɗeja ne tun kafin a yi mini aure, kuma makon bikin suka cika tafkin da 'ya'ya.

Da masu kwalliyar wurin biki suka ce ruwan zai ɓata hoto, na kira ƙanenmu Anas, tunda shi ne uban amarya. A gaban Hajiya ya yi mini alkawari ba wanda zai taɓa tafkin, iyaka a kewaye da labule. Da wannan na tafi Gumel gaisuwar rasuwa, kwana biyu kacal. Na dawo na tarar an zuƙe ruwan, an goge bangon da maganin bilic, an cika da ruwan burtsatse, an watsa furannin roba. Malam Inuwa mai kula da lambu ya ce ya roƙi Anas ya bari, amma Anas ya ce surukai daga Abuja ba za su zo su ga kwata a tsakar gidanmu ba. Manyan kifin a baho aka zuba su aka manta da su a rana. 'Ya'yan da aka mayar cikin tafkin kuwa, ƙarfin maganin ya kashe wasu, sauran suka yi ta yawo cikin ruwan da babu komai a ciki har suka ƙare. Ko ɗaya bai rage ba.

Da baƙo ne ya yi, da na ce rashin sani ne. Amma Anas ne fa, wanda Baba ya fi nuna wa halittun nan a kwalba idan ya ɗaga ta a rana. Ya sani sarai, jira kawai ya yi in juya baya. Da na yi masa magana sai ya ce, “Yaya, kifi ne fa, gobe zan sayo miki wasu.” Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, Yaya, ya ci amanata.

Na san za ka ce in yi haƙuri. Zan yi, amma ba yanzu ba. Roƙona ɗaya ne, ka cire hoton tafkin nan daga fuskar wayarka, don a lokacin da aka ɗauke shi kifin Baba suna mutuwa a ƙarƙashin furannin.

Ka gaishe mini da Maryam Nana da yara. Hajiya tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Nafisa