Ko Laban Ya Bar wa Kowace Makonta

Yaya Malachy,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Mama? Ni ƙalau nake, bayana ne kawai, saboda ɗaga tsohuwar da nake jinya a unguwar Irving Park.

Na ji wai ka haɗa aurena da na ƙanwarmu Serah rana ɗaya, ko tambayata ba ka yi ba. Tsohuwar nan Bayahudiya ce, ta ce a shari'arsu ba a cakuɗa murna da murna. Malamansu sun ciro hukuncin daga labarin Yakubu: sai da makon bikin Lai'atu ya cika aka ba shi ƙanwarta Rahila.

Ubansu Laban, da ya musanya wa Yakubu amarya, macuci ne, amma ya bar wa kowace 'yarsa makonta. Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Kai kuma, daga ina ka ciro naka hukuncin?

Ƙanwarka,
Lucia