Ayashe ta Jiratawa

Maraɗi, 4 ga Fabrairu 1955

Zuwa ga maiɗakina Ramatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da abin da ke cikinki, da Inna da Baba da duk mutanen Tasawa. Yaya nauyin jiki? Ni ƙalau nake, sai dai tun da kika tafi goyon ciki tuwon saye na Sabon Gari ya fara ramar da ni.

An ba ni sabon aiki. Wata Baturiya ta zo daga Yamai, Madam muke ce mata, tana binciken yadda ake riƙon marayu a ƙasar nan, kuma Kumandan, Baturen da ke mulkin Maraɗi, ya ce ni zan yi mata tafinta. Gida-gida muke bi. Ta tambayi wa ya haifi yaro, wa ke ci da shi, ina yake kwana, sannan ta auna damtsensa da wani zare mai lamba. Duk yaron da aka samu ba shi da kowa, za a kai shi wani gidan marayu can gabas, tafiyar kwana biyu a mota. Kwana takwas muka yi a Tsibiri ba mu samu ko ɗaya ba. Wannan na hannun goggonsa, wancan na hannun kakarsa, har Madam ta gaji da mamaki.

Jiya a Jiratawa muka samu ɗaya. Yarinya ce 'yar shekara uku, cikin tsumma, an aske mata rabin kai an bar rabi. Matar gidan, Uwani, ta ce ba ɗiyarta ba ce, a kan juji ta tsince ta, Ayashe take kiranta. Na juya maganar da Faransanci tsaf, ko kalma ban zubar ba, Madam har ta yaba mini. Kin ga mijinki ba ƙaramin mutum ba ne.

Ki riƙa cin abinci. Ina kewarki ƙwarai.

Mijinki,
Tanimu

Maraɗi, 19 ga Fabrairu 1955

Ramatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, takardarki ta iso, kuma na sha faɗan. Ban san ranar da na koya miki boko sanda nake sassaƙa wa kaina ba.

Gaskiyarki, Ayashe 'yar wabi ce. Kin ce ko yaron goye ya san macen da 'ya'yanta ke mutuwa takan aza jaririnta a kan juji, ta yi kamar ba ta so, don mutuwa ta raina shi ta wuce. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma na sani, tun a tsakar gidan na gane. Kunya na ji. Ina tsaye da farin wandona da takalmi, sai na ga idan na yi bayani Madam za ta dube ni ta ce ashe ni ma daga cikin masu wannan abu na fito. Na yi shiru don kar a raina ni. Tun da na karanta takardarki nake jin haushin kaina.

Na koma Jiratawa ni kaɗai. Mijin Uwani, Maidawa, na same shi a fadama yana ban ruwan taba, muka gaisa ya ci gaba da aikinsa. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Dada, ita ta ba ni labari. 'Ya'ya biyar Uwani ta binne, duka ba wanda ya kai yaye, kuma duka ta yi musu suna da rago ta kira su nata a gaban jama'a. Wannan ta shida Dada ce da kanta ta ɗauko ta daga juji ta miƙa mata. Tsumman nan kuwa a waje kawai yake. Da na duba littafin Madam, duk yaran garin ba mai kaurin damtsen Ayashe.

Na faɗa wa Madam komai. Ta yi fushi da ni, kuma ta yi daidai. Ba muguwa ba ce, ta je wurin Kumandan a ranar, amma ya ce sunan yarinyar ya riga ya tafi gidan marayun, ba a soke shi sai uwar ta faɗa da bakinta a gaban maigari da gardi, wato ɗan sandan Kumandan, cewa ita ta haife ta. In ba haka ba, motar ran Alhamis ta sama za ta tafi da yarinyar.

Sau biyu na roƙi Uwani. Ta ce bakin da ya kira biyar nata ya binne su, ba zai kira ta shida ba. Ba ta yi mini faɗa ba, har ruwa ta ba ni. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Ki taya ni addu'a. A gaida Inna.

Naki,
Tanimu

Maraɗi, 4 ga Maris 1955

Ramatu maiɗakina,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Allah ya sa kumburin ƙafar ya sauka.

Jiya da hantsi muka isa Jiratawa, ni da Madam da gardi, mota na biye. Garin duka ya taru a ƙofar maigari. Uwani ta zo ta riƙo hannun Ayashe, da ƙyar na gane yarinyar. Ta yi mata wanka, ta shafa mata mai, ta ɗaura mata sabon zane baƙi mai ɗaukar ido. Dada ta raɗa mini cewa shekara uku zanen nan yana ɓoye cikin tukunya. Har ƙunshin guzuri ta haɗa mata. Nan na gane ta yanke shawara: gara a raba ta da ɗiyar tana da rai.

Madam ta yi tambayar, na juya. Uwani ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "Ba ɗiyata ba ce. Ku tahi da ita. Ku dai ba ta hura da sahe, amma ba ta shan mai tsami."

Ramatu, shekara tara ina tafinta ban taɓa canja maganar mutum ba. Na juya wajen Madam na ce mata da Faransanci: ta ce ɗiyarta ce, ita ta haife ta.

Madam ta yi wata guda tana jin Hausa, ta san yadda muke cewa a'a. Ta daɗe tana kallona. Gardi kuma duka harsunan biyu yana ji, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta raba ni da aikina. Sai ya ɗaga kai yana duban wani shaho a sama. Madam ta rubuta abin da na faɗa, maigari ya dangwala yatsa, motar ta juya ba kowa a bayanta.

Kafin ƙurar ta kwanta Uwani ta tuɓe wa yarinyar zanen, ta mayar mata da tsummanta, ta ɗebi ƙasa ta shafa mata a ka. Sannan ta biyo ni gefen rijiya ta tambaye ni abin da na ce wa Baturiya. Ban iya yi mata ƙarya ba, na faɗa mata. Can ta ce, "Malam Tanimu, kai da ka yi karatun lakwal, mutuwa tana jin bakin Nasara?"

Na ce mata ba ta ji. Ta sauke numfashi, ta saɓi ɗiyarta ta tafi.

Ban san ko tana ji ba, Ramatu. Ni na faɗi maganar, ni zan zauna da tsoronta. Na gaya wa Dada duk ranar kasuwa ta aiko mini da labarin yarinyar, ko atishawa ta yi.

Allah ya sauke ki lafiya, ya raya mana abin da za a samu.

Ni ne mijinki mai begen ganinki,
Tanimu