Na Yi Ƙarya A Takardar Dakta Benedita

Dona Graciete, don Allah ki taimake ni. Na yi abin da ya hana ni sukuni, kuma a nan garinmu Viseu duk wanda na faɗa wa, kafin Lahadi maganar ta kai kunnen ƙanwar mijina.

Shekarata hamsin da tara, ɗinki nake yi. Shekara uku ke nan da aka cire mini nono ɗaya saboda ciwon daji. Mako biyu da suka wuce na je asibiti a duba ni, sai wata matashiyar likita, Dakta Benedita, ta roƙe mu, masu jiran a duba mu, mu cike wata takarda. Tambayoyi ne kan kwanciyar aure: sha'awa, jin zafi, gamsuwa. Ta ce daga waje aka kawo su, ta mayar da su harshenmu, tana gwadawa ko za su nuna ainihin halin mutanenmu kafin likitoci su fara aiki da su. Ba a sa suna, lamba kawai.

Dona, ban taɓa ganin yarinya mai natsuwa irinta ba. Wani tsoho ya ce mata, "'Yata, ai ko limamin coci bai taɓa yi mini wannan tambayar ba!" Ta yi dariya ta ce, "Shi ya sa aka bar mana aikin, Baba." Har shi sai da ya karɓi biro.

Ni kuwa kunya ta rufe ni, na zaɓi "lafiya lau" daga sama har ƙasa. Alhali tun da aka yi mini aiki ban bari Anselmo, mijina, ya ga jikina ba. Shi ma bai taɓa tambaya ba. Sai dai ya kawo mini kofi wurin keken ɗinki, ya dafa kafaɗata, ya fita.

Ranar Alhamis za mu sake cike takardar, don a ga ko amsoshin za su dace da na farko. In na faɗi gaskiya, za a ce tambayoyinta ne ba su da tabbas, na ɓata mata wahalar shekara biyu. In na maimaita ƙaryar, da ita za a auna wata mace irina. Yaya zan yi?

Mai ɗinki daga Viseu

Amsa:

'Yar'uwa, kin burge ni. Mutane da yawa sun yi irin ƙaryar nan sun wuce abinsu. Ke ce kika tsaya kina tunanin matar da ba ki ma sani ba.

Kwantar da hankalinki. Takarda ɗaya ba ta rushe bincike, masu wannan aiki sun san da kunya. Amma kada ki sauya amsa a ɓoye, kada kuma ki maimaita ta farko. Ki je da wuri ranar Alhamis, ki ja likitar gefe, ki ce kunya ce ta cike ta farkon. Ita ta san yadda za ta yi da lambarki. Wadda ta iya da tsohon nan ba za ta kasa saurarenki ba. Ki kuma tambaye ta wa ke duba mata bayan irin aikinki, domin ana samun taimako.

Sai Anselmo. Kina tsammanin tausayinki yake ji, wataƙila shi kuma yana tsoron kada ya takura miki ne. Shekara uku kuna yi wa juna kara, ya isa. Ba sai kin shirya dogon bayani ba. Ki ce masa, "Zauna, ina kewarka."

Allah ya ƙara lafiya, ya sanyaya muku zuciya ku biyun.

Graciete