Hancina ke ciwo, mai gadinku ya tura ni neman tabarau

Zuwa ga Majo, shugaban likitar garinmu, wato asibitin da ke kan hanyar Cadawa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni ne telan bakin tasha, wanda ka danna wa goshi har ya zabura daga kujera. Godiya na kawo, amma da ɗan kuka a bayanta.

Na ɗaya. Bayan sussukar geron bana mura ta kama ni ta ƙi saki, sai ciwo ya tare a ramin idona na dama. In na sunkuya kan keken ɗinki, ko na yi sujada, ji nake idon zai faɗo ƙasa. Na zo likita, mai gadinku ya tare ni. Yana jin na ambaci ido ya ce nan ba a duba ido, in wuce Maradi. Ko inuwarka ban gani ba.

Na biyu. A Maradi wani mai sayar da kaya a tebur ya ɗora mini tabarau. Na dawo kamar babban ma'aikacin buron gwamnati, ciwo kuwa yana nan daram. Wallahi na tsorata, na ɗauka makanta ce tafe, har na fara cigiyar mai sayen kekena. Da shi nake ci da gidana.

Na uku. Da na komo wurinku, matata ce ta shigar da ni cikin layin masu awon ciki don mu kauce wa mai gadi, mata na ta dariya. Da na iso gabanka ka duba ni, ka ce kogunan da ke kewaye da hanci ne suka cushe da majina suka kumbura, idon kuwa, maƙwabtaka ce kawai ta shafe shi. Ka ba ni ƙwayoyi ka ce in shanye duka, in riƙa sirace, in wanke hanci da ruwan gishiri dafaffe. Yau ina zura zare a allura, kekena na nan.

Roƙona, ranka ya daɗe, duk wanda ya zo a bar shi ya gan ka, kai ka faɗi inda zai nufa. Mai gadi mutumin kirki ne, kada a kore shi. Tabarau ɗin ma na bar masa kyauta, ya riƙa duba ƙofa da kyau, ya bar maka duba mutane.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare ka da mura.

Wassalam.
Naka, telan bakin tasha.